Lauwali da Kasuwar Hayi

Ranar da na jefi Lauwali da ludayi, saura kwana tara ya tafi Kaduna. Ban same shi ba. Ludayin ya bi ta gefen kunnensa ya daki randa ya rabe biyu, kuma har yau in na tuna ludayin nake jin takaici, don na duma ne mai kyau, daga Babura na sayo shi.

Ina zaune a kan turmin da aka kifa a tsakar gidana, an ce wai ni ce Bature. Shi kuma yana kan kujerar ƙarfe da ya ɗauro a bayan babur tun daga Kazaure, ya sa kwat da laktaye a tsakiyar bazara, gumi na bin wuyansa.

Na ce, "Na sake tambayarka. Wa ya ce a gina kasuwar nan a hayin rafi?"

Ya ce, "Gwaggo, an dai duba an ga ya dace."

"Babu Gwaggo a nan, Bature ne. Wa ya duba?"

"Manya."

"Manyan ba su da suna? Ranar sunansu ragon ne ya tsinke ya gudu?"

Sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kamar amsar tana rubuce a kan igiyar. Na jira. Kaza ta zo ta wuce ta tsakaninmu ta koma, bai ɗago ba. A nan hannuna ya kai kan ludayi.

Lauwali ɗan wana Daudu ne, ɗan farinsa. A Tsamiyar Adda aka haife shi, ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Mu Filani ne da suka gaji da tafiya suka zauna, 'yan shanu kaɗan, gona ta fi yawa. Uwarsa Inno har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Uban ma in sun haɗu a hanya sai ya kau da kai. A cikin wannan kunyar aka dafa Lauwali, ya kuwa nuna har ciki. Ni kaɗai ce a gidan nake kiran sunansa da ƙarfi, ni kaɗai nake zaginsa, don haka wurina ya saba.

Kiwo bai karɓe shi ba. A tura shi da shanu, sai a tarar da shi a gindin kuka yana ƙirga tururuwa, shanun suna cikin dawar mutane. Da aka zo ɗiban yara makaranta, Daudu bai yi dogon tunani ba. Aka kai shi Kazaure, aka damƙa shi a hannun wani akawu mai suna Malam Sama'ilu, wanda daga baya ya zama Alhaji Sama'ilu, shugaban wani ofishi da ke kula da gine-gine. Shekarar da aka sami 'yancin kai Lauwali ya zo hutu da ƙaramar tuta a hannu da wani kofi da aka raba musu, ya ba ni kofin. A gidan Alhaji ya ci tuwo shekara goma sha biyu. Daga nan Kano, daga nan jami'a a Zariya. Da ya dawo, Alhaji ya sa shi a ofishinsa, ya kuma ba shi 'yarsa Rahamatu, wadda dama tun suna yara take ɓoye masa ƙanzo. Ka ga mutum ɗaya ya zama ubangidansa, ya zama shugabansa, ya zama surukinsa. Ko akuya ba a ɗaure ta da igiya uku.

Ni kuwa ban taɓa shiga aji ba. Makarantata kasuwa ce: man shanu da nono tun ina yarinya, daga baya hatsi. Roni, Gwiwa, Babura, babu rumfar da ban san mai ita ba, da abin da yake ɓoyewa a ƙasan mudu.

To, ga yadda maganar kasuwar ta faro. Bayan an fita daga shekarun fari, sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Ko'ina ka duba siminti. Ma'aikaci mai keke ya koma babur, mai babur ya koma mota. Aka ce za a gina wa Tsamiyar Adda kasuwa ta zamani, mu daina zama a gindin tsamiya kamar birai. Lauwali aka turo ya duba wurin da ya dace. Ranakun kasuwa huɗu yana bina da littafi a hannu. Ya tsaya a bakin hanya ya ƙirga jakuna, ya tambayi kowa daga ina ya fito. Ya gano cewa cikin jaki goma, takwas daga ɓangarenmu na rafi suke zuwa. Ya zo da damina ya ga yadda rafin yake cika, in an yi ruwa sai a kwana biyu jaki bai tsallaka ba. Ni na ƙara masa da cewa man shanu ba ya shiri da rufin kwano, kafin azahar ya zama ruwa. Ya rubuta duk, ya ce a gina a wannan gefen, kusa da inuwa.

Alhaji ya karɓi takarda ya ce madalla, ya sa a aljihun tebur. Aka gina kasuwa a hayi, a bakin kwalta, inda manyan baƙi daga Kano za su hango ta ba sai sun fito daga mota ba. Rumfa sittin, kwano na ƙyalli. Aka buɗe da kiɗa. Muka zauna mako uku don kunya. Ruwan farko da ya sauka, kowa ya kwashi kayansa ya koma gindin tsamiya. Awaki suka gaji rumfunan, kuma gaskiya su sun ji daɗinsu.

Lauwali bai ce komai ba. Shekara biyu bai ce komai ba.

Sai wata rana ya zo min da takarda a aljihu, fuskarsa kamar ta wanda ya tsinci abu yana tsoron mai shi ya dawo. Abokinsa Falalu, wanda ke aikin banki a Kano, shi ya ga sanarwa a jarida. Wani kamfani ne mai babban ofishi a Ikko da reshe a Kaduna, yana neman 'yan ƙasa. An yi jarrabawa a Kano, mutum ya fi ɗari, aka zaɓi shida, har da Lauwali. An ce kowa ya aika da wani aiki da ya taɓa rubutawa, shi kuwa ya aika da kwafin takardar kasuwa, don ita ce mafi kyau da yake da ita. Yanzu an kira shi intabiyu, wato ya je ya zauna a gaban mutum huɗu su yi masa tambayoyi baki da baki. Har an rubuta masa cewa ya shirya ba da labarin wani aiki da ya sa hannu a ciki ya lalace, da dalilin lalacewar.

Na ce, "Me suke sayarwa a kamfanin?"

Ya ce, "Ba sa sayar da komai, Gwaggo. Shawara suke bayarwa. In masaƙa ko ma'aikata ta rikice, sai mai ita ya kira su, su zo su duba, su gaya masa inda ya ɓata."

"Su gaya masa a fuskarsa?"

"A fuskarsa."

"Kuma ya biya su?"

"Ya biya su da yawa."

Na ce, "La'ilaha illallahu. Ni shekara hamsin ina wannan aikin kyauta, abin da ake biyana da shi gaba ce."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya ce za a ba da gida da mota, amma ba wannan ne ya dame shi ba. Ya ce, "Gwaggo, shekara biyar ina rubutu. Duk abin da na rubuta a aljihun tebur yake kwana. Ina so in rubuta abu sau ɗaya a karanta." Tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce yana son wani abu ba sai ranar. Shi ya sa na ɗauki abin da zafi.

Falalu ya taɓa shiga irin wannan zaman, shi ya zayyana masa dokokin. Ba a cire takalmi a ƙofa. Ba a durƙusawa. A miƙa hannu ɗaya a gaisa, kada a dafa ƙirji. Gaisuwa ɗaya tak, kada a tambayi iyali da gajiya. A kalli mutum cikin ido. In an ce me ka iya, a faɗa, kada a ce sai abin da Allah ya yi. Sannan ya ce masa ya nemi wanda ya fi kowa ɗaure fuska ya riƙa gwadawa a gabansa. Lauwali bai yi wahalar nema ba.

Mako uku muka yi. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya hau babur ya zo, mu zauna daga la'asar zuwa kusan magariba. Da Hausa muke yi, don Turancinsa ba shi da matsala, matsalar a wuyansa take da gwiwoyinsa.

Ranar farko sau bakwai na mai da shi zaure. Da ya ɗaga labule sai ƙafarsa ta fara neman fita daga takalmi da kanta. Da muka gama da takalmi sai gwiwa. Yana hango ni a kan turmi sai ya lanƙwashe.

"Miƙe! Bature ka gani ko kabarin kakanka?"

"Gwaggo, ai ke ce."

"Ni ce, kuma na ce in ka sake durƙusa min sai na zauna a bayanka."

Maƙwabciyata Tasalla takan leƙo ta saman danga tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Dela, shekara talatin ana koya wa ɗa ladabi, ke kin zo kina kwancewa a mako uku." Na ce ta je ta kwance tsummokaran da ta shanya a dangata.

Ido ya fi ba mu wuya. Ɗan da bai taɓa kallon fuskar ubansa ba, ka ce ya zuba wa babba ido. Sai na sami dabara. Ina da tabo a tsakanin gira, inda saniya ta taɓa shurina. Na ce ya riƙa kallon tabon, ba ni ba. Na ce kowane babba yana da abin kallo a goshi, ko tabo ko gumi ko sanƙo. Cikin kwana huɗu ya iya.

Yabon kai kuwa kamar ana cire masa haƙori. In na ce wa ya ƙirga jakuna, sai ya ce an ƙirga. In na ce wa ya zo na ɗaya a jarrabawa, sai ya ce sa'a ce. Na ce, "Sa'ar ce ta riƙe alƙalamin?" A hankali dai ya fara cewa shi ya yi kaza, shi ya gano kaza, yana faɗa yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci.

Inda ba ni da abin koya masa shi ne wajen warware matsala. Falalu ya ce za su ba shi labarin wata sana'a da ta rikice su ga yadda zai tunkare ta. Na riƙa ƙirƙiro masa nawa. Na ce ga mai ƙosai a tashar Gwiwa, ƙosanta ya fi na kowa daɗi amma kullum sai ta yi kwantai. Bai yi gaggawa ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa take fitowa, ta wane gefe motoci ke tsayawa, ina iska ke kai hayaƙinta. Kafin tambaya ta biyar ya gano cewa tana zama a inda fasinja ke sauka, ba inda suke jiran mota ba. Wanda ya sauka gida yake sauri, wanda ke jira shi ke jin yunwa. Na dube shi na ce a raina, wannan yaron an halicce shi don aikin nan. Ban faɗa masa ba, kada ya lalace.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ya ci min ludayi.

Bayan na huce na ce, "To, kada ka kama suna. Na san ba a kiran sunan suruki. Ka ce shugabana ya ga takardata ya zaɓi wani wurin. Shi ke nan."

Ya ce, "Gwaggo, in na ce shugabana, ai na nuna shi da yatsa. A gaban baƙi. Mutumin da ya saya min wandon farko."

"Su waɗannan baƙin sun san shi? Za su bi shi Kazaure su yi masa dariya?"

"Ni na san shi."

"Ƙarya za ka yi musu ke nan?"

"Ba zan yi ƙarya ba. Zan ce abubuwa ne suka taru."

"Waɗanne abubuwa? Rafin ne ya tashi da kansa ya koma tsakaninmu da kasuwa?"

Washegari na sa ya zo da Rahamatu. Yarinya ce mai hankali, ta fi ubanta da mijinta in an haɗa. Ta zauna a tabarma ta ce, "Malam, ni 'yarsa ce, na ce ka faɗa. Ko a gida mun sha gaya masa kasuwar nan kuskure ce." Ya ce, "Ke 'yarsa ce, kina da wannan damar. Ni riƙona aka yi." Rahamatu ta dube ni, na dube ta.

A nan na yi wayon da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce tunda igiyar a hannun Alhaji take, bari in je wurin mai igiya ya kwance da kansa. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauki ƙwaryar man shanu na hau mota zuwa Kazaure.

Na same shi a zaure da hantsi. Muka gaisa, ya tambayi Daudu, ya tambayi shanu. Na ce, "Alhaji, ban zo da kwana-kwana ba. Yaron nan za a tambaye shi maganar kasuwar hayi a Kaduna. In bai faɗi yadda aka yi ba, ba za su ɗauke shi ba. Kuma ba zai faɗa ba sai ka ce ya faɗa."

Ya riƙa jan carbi. Na ga kunnensa ya motsa. Can sai ya yi dariya ya ce, "Dela, ke dai bakinki ba ya tsufa. Kasuwar ai kowa ya ga abin da ya same ta. Ya faɗa mana. Wa ya hana shi?"

Na ce, "Ka gaya masa da bakinka."

Ya ce, "Zan yi abin da ya fi haka."

Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta sayi saniya a kuɗin akuya. Ban tsaya na tambayi mene ne abin da ya fi haka ba.

Ranar tafiya, Lauwali ya shirya zai hau motar haya zuwa Kano, daga can ya kama ta Kaduna. Sai ga fijo ɗin Alhaji a ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli, Alhaji a zaune a baya da babbar riga. Ya ce, "Ɗana zai je neman aiki in bar shi a motar haya? Shigo, ni zan kai ka." A hanya ya saya masa tsire, ya yi ta ba direba labarin yadda aka kawo masa Lauwali yana ɗan ƙanƙane da ƙwarƙwata a kai. Ya kuma ce masa, sau ɗaya, a wajen Zariya, "In sun tambaye ka komai, ka faɗi gaskiya, kada ka ji nauyina." Da suka isa bai zauna a mota ba. Ya bi shi har saman bene, ya zauna a benci a bakin ƙofar ɗakin.

Na yi shekaru ina juya wannan abu. Ko ƙauna ce ta kai shi, ko dabara ce irin ta tsofaffin ma'aikata, ban sani ba. Ina zaton shi kansa bai sani ba.

Abin da ya faru a cikin ɗakin, a wurin Lauwali na tatso shi, kaɗan-kaɗan, cikin wata guda. Bai cire takalmi ba. Bai durƙusa ba. Ya miƙa hannu. Baturen yana da sanƙo, ya sami wurin kallo. Mutum huɗu ne: Baturen, da wani Bayarabe, da wata mace mai tabarau, da wani dattijo ɗan Arewa. Suka ba shi labarin wata masaƙa da zarenta ke yawan tsinkewa, ya yi musu tambaya shida ya gano cewa a ɗakin ajiya matsalar take, ba a injin ba. Ya ce matar har ta ajiye alƙalami tana kallonsa.

Sai Baturen ya ɗago takardar kasuwa. Ya ce takarda ce mai kyau, a cikin duk waɗanda aka aiko babu kamarta. Ya ce to an bi ta? Lauwali ya ce ba a bi ba. Ya ce me ya sa?

Saman ƙofar ɗakin gilashi ne, an bar shi a buɗe don iska. Lauwali ya ce min yana jin ƙarar carbin Alhaji, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce musu laifinsa ne, shi ne bai yi bayani yadda za a gane ba.

Bayaraben ya ce bayanin a fili yake, ko yaro zai gane. Ya ce wa ya yanke shawarar a gina a hayi, kuma shi Lauwali me ya ce masa bayan an yanke? Lauwali ya yi shiru. Aka sake tambaya, ya yi shiru. Sai dattijon nan ya jingino ya yi masa magana da Hausa, a hankali. Ya ce, "Malam Lawal, ba gulma muke nema ba. Aikin ke nan gaba ɗayansa. Gobe za mu tura ka wurin wanda ya haife ka a shekaru, ka gaya masa ya yi kuskure. Muna so mu ga za ka iya."

Lauwali ya ce, "Na gane, ranka ya daɗe."

Bai ƙara ko kalma ba. Suka yi masa godiya. Da ya fito Alhaji ya ce yaya, ya ce alhamdu lillahi. Suka kamo hanya.

Bayan mako biyu takarda ta zo, gajeriya, ba su ɗauke shi ba. Rahamatu ce ta aiko a gaya min, shi bai iya zuwa ba.

Da na gama jin labarin, wata biyu ban yi masa magana ba. In ya zo gaishe ni sai in juya in kama tankaɗe. Mutane suka ɗauka da shi nake fushi. Da shi ne, amma rabi. Sauran rabin da matar da ta ɗauki man shanu ta kai Kazaure nake yi. Da na bar shi ya hau motar haya shi kaɗai, wa ya sani? Wataƙila da nisan hanya ya sassauta masa igiyar. Ni da nake taƙama na san halin kowa a kasuwa uku, na manta cewa irin su Lauwali ba tsawa ke rufe musu baki ba, alheri ne.

Falalu ya sake kawo masa wata sanarwar bayan shekara, Lauwali ya ce ya gode, bai nema ba. Kwat ɗin ya ba wani malamin makaranta da zai yi aure. Ya ci gaba da zama a teburinsa. Daga baya aka mai da shi Babura, ya yi ta fama da rijiyoyi da mayanka da hanyoyin shanu. Duk wanda ya yi aiki da shi zai gaya maka bai taɓa sa hannu a takardar da bai je ya ga wurin da idonsa ba. Kuɗin fetur suka janye kamar yadda suka zo, aka bar gine-gine rabi da rabi ko'ina. Alhaji ya yi ritaya, bai daɗe ba ya rasu. Lauwali ne ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Abin da ban sani ba sai daga baya, ashe tun dawowarsa daga Kaduna yake rubuta takarda a kan rafinmu. Ba ta cewa an yi kuskure ba. Ta neman gada. Duk shekara sai ya rubuta, duk shekara ta kwana a aljihun wani teburin. Yakan zo ranar hutu da 'ya'yan darbejiya a bayan babur ya dasa a kewayen rumfunan da awaki ke kwana, ya kewaye su da ƙaya. Na ɗauka zautuwa ce ta fara kama shi. A shekara ta tara, lokacin da ko albashi da ƙyar ake biya, aka gaji da shi aka ba da siminti. Gada ce ƙarama, jaki biyu ba sa wucewa a jere. Amma daminar farko da aka yi ta, kasuwa ta tashi daga gindin tsamiya ta koma hayi da ƙafarta, bishiyoyin sun yi inuwa, motocin Kano suna tsayawa a bakin kwalta suna lodin hatsi. Ni kaina rumfar da ke bakin gada na kama.

Ranar buɗe gadar ina wurin. Mai jawabi ya tashi ya ce a yi wa marigayi Alhaji Sama'ilu addu'a, mutum mai hangen nesa, wanda ya ga amfanin wannan wuri tun mutane ba su gani ba. Aka ɗaga hannu aka shafa. Na waiga na hango Lauwali a layin baya, yana gyaɗa kai. Har yau Gadar Alhaji ake ce mata.

Bai cika shekara arba'in da biyu ba ciwon hanta ya kwantar da shi. Na je Babura duba shi ranar wata Laraba da hantsi, kwana shida kafin ya cika. Rahamatu ta shimfiɗa masa katifa a inuwar rumfa. Ya rame, idanun sun yi rawaya. Da ya gan ni sai ya fara kokawar tashi zai durƙusa.

Na ce, "Kwanta. Mako uku na ɓata a kan gwiwar nan."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Muka yi hirar shanu, da ta Tasalla wadda ta rigaye mu, da ta farashin gero. Sai na jawo turmin Rahamatu na kifa na zauna a kai. Ya gane. Ya ɗago ido ya kalli tabon goshina.

Na ce, "Mai kasuwa ya mutu. Baturen ya koma garinsu. Daga ni sai kai sai 'yarsa. Wa ya ce a gina a hayi?"

Ya ce, "Gwaggo, ai ga shi ta yi kyau."

"Ban tambaye ka kyau ba. To bar wannan. Wa ya yi gadar?"

Ya yi murmushi ya ce, "An dai taru an yi."

Na duba kusa da ni, babu ludayi. Na tashi na gyara mayafina, don in na ƙara minti ɗaya a wurin zai ga abin da bai taɓa gani a fuskata ba. Na kai bakin ƙofa na juyo.

Na ce, "To riƙe bakinka, Lauwali, ka tafi da shi. Nawa yana nan. Rumfata ita ce ta farko in an hawo daga gada, kuma duk wanda ya tsaya sayen ko mudu ɗaya, sai ya ji sunanka kafin in auna masa."